Tambayoyin da ke cikin ƙurar hunturu

Kowace shekara, in an gama kaka an shigar da hatsi rumbu, sai iskar arewa maso gabas ta taso. Gari ya yi fari fat, rana ta koma kamar faifai, har mutum ya dube ta ba ta kashe masa ido ba. Leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso, tsofaffi su kama tari. Uwa ta share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwantawa bisa kwanoni. Kowa ya san wannan, daga Tawa har Damagaram. Amma da za a tare mutum goma a kasuwa a ce musu: «Ƙurar nan daga ina take fitowa?», tara za su ce daga hamada, na goma ya ce wannan tambayar marar aikin yi ce.

Da na goman nan nake so in yi gardama, don masu irin ra'ayinsa suna da yawa a ƙasarmu, har cikin waɗanda suka yi lakwal mai zurfi. Cewa suke binciken kimiyya aikin ƙasashe masu arziki ne. Mu namu shi ne mu cika rumbu, mu gina rijiya, mu sayi magani. In an gano wani abu can waje, ma saya, ko a ba mu kyauta. Maganarsu tana da kama da gaskiya, don wanda ya kwana da yunwa ba a yi masa zancen taurari. Duk da haka ni ban yarda da ita ba. Ku biyo ni, ƴan makaranta, mu bi sawun ƙurar nan, mu ga ko tambayarta aikin banza ne.

A watan Janairu na 1832 wani jirgin ruwa na Ingila yana kusa da tsibiran Kap Ber, yamma da Senegal. Cikinsa akwai wani saurayi mai suna Charles Darwin. Ya lura wata ƙura mai laushi tana sauka bisa jirgin, alhali gaɓar Afirka tana da nisan ɗaruruwan kilomita. Wani da sai ya sa a share. Shi ya tattara ta cikin ɗan ƙunshi, daga baya ya aika wa wani masani a Jamus mai suna Ehrenberg. Da wannan ya duba ta cikin madubin ƙara girma, sai ya tarar da ɓawon ƴan ƙananan halittu iri iri, kuma kusan dukansu na ruwan daɗi ne, irin na tafki da gulbi. To, ga abin mamaki: ƙura daga busasshiyar ƙasa, ta sauka tsakiyar ruwan gishiri, tana ɗauke da halittun ruwan daɗi!

Yau mun san wurin da irin wannan ƙura ta fi tasowa. A arewacin Cadi akwai wani kwari mai suna Bodele. Wajen shekara 7,000 da suka wuce, ƙasan wani tafki ne mai girman gaske, wanda faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 300,000. Tafkin Cadi da muka sani yau ɗan saura ne kawai. Cikin wancan ruwa ƴan ƙananan tsirrai, ƴan uwan gansakuka, suka yi ta rayuwa suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasa. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai sauƙi kamar alli. A lokacin ɗari iska tana kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, kamar yadda ruwa ke ƙara gudu in ya shiga matsattsen kwazazzabo, sai ta faɗa bisa farar ƙasar nan ta kwashe ta. Ana samun haka wajen kwana 100 cikin shekara. Ke nan wani kashi na abin da uwarka ke sharewa da safe, gawar tsirran wani tafki ce da ya ƙafe tun da daɗewa.

Yanzu ga tambaya ta biyu, wadda ta fi kama da wasan yara: ta yaya iska ke ɗaga ƙura? Za ku ce ai hurawa take yi. A'a, abin bai kai haka sauƙi ba. Wani sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda ya daɗe yana yawo da mota cikin hamadar Masar da Libiya, ya koma gida ya ƙera dogon akwati da ake hura iska ciki, ya yi ta zuba yashi yana kallo. Littafinsa ya fito a 1941. Abin da ya gani shi ne, ƙasa mai laushi ƙwarai, irin garin siminti, tana da wuyar tashi, don ƙwayoyinta suna manne da juna. Tsakuwa kuma ta yi nauyi. Wanda ke fara motsi shi ne yashi matsakaici, mai kaurin wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ƙwayar yashin ba ta tashi sama sosai, tsalle take yi kamar fara. In ta diro sai ta bugi ƙasa, ta tunkuɗe waɗansu ƙwayoyi, ta kuma fasa mai laushin nan, ta sake ta cikin iska. Wato yashi shi ne taɓarya, ƙasa ce turmi, ƙura kuma garin da ke tashi.

Wanda ya gane wannan ya gane abin da zai yi da gonarsa. Tun da tsallen yashi ne tushen ɓarna, kuma tsallen nan a kusa da ƙasa yake, duk abin da zai tare shi kusa da ƙasa ya yi magani. Shi ya sa gonar da aka bar mata kara kwance ta fi riƙe ƙasarta bisa wadda aka share ƙwal aka ƙone. An auna wannan a tashar binciken noma ta Sadore, kudu da Yamai, an kuma tabbatar. Ku tuna da iskar da ke riga ruwan farko isowa, wadda ke binne ɗan hatsi ko ta ƙone shi da yashi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Bagnold bai taɓa tunanin manomin Maraɗi ba sa'ad da yake wasa da akwatinsa. Amma amsar ta iso gonar.

Kada ku zaci an gama. Bisa lissafin masana fizik, wato ilimin motsi da nauyi da zafi da haske, manyan ƙwayoyin ƙura ya kamata su faɗo ƙasa da wuri. Sai ga shi masu bincike sun kafa tarkon ƙura cikin tekun Atlantika, sun kama ƙwayoyi masu kaurin kusan rabin milimita a nisan dubban kilomita daga Afirka. Me ya riƙe su a sama? Waɗansu sun ce wutar lantarki ce da ke haɗuwa in ƙwayoyi suna gugar juna, waɗansu sun ce juyin iska ne, waɗansu sun ce hadari ne ke sake cilla su sama. Gardamar tana nan.

Har a duniyar Mars ƙura tana da sarauta. A watan Yuni na 2018 guguwar ƙura ta rufe duniyar nan kaf, ta hana hasken rana isa ga wata ƴar motar bincike ta Amurka mai suna Opportunity, wadda ta yi shekara 14 tana aiki can. Daga nan ba a sake jin ta ba. Kuna iya cewa ina ruwanmu da Mars. To, farantan sola da ke tashar Malbaza tun 2018, da na Goru Banda kusa da Yamai tun 2023, da ɗan ƙaramin da ke bisa rufin shagon mai cajin salula, duk ciwonsu ɗaya da na motar nan. Yaya za a kau da ƙura daga bisansu ba tare da an ɓarnatar da ruwa ba? Wanda ya warware wannan a Malbaza ya taimaki masu zuwa Mars, haka kuma in su suka riga mu.

Ina ƙurar ke zuwa in ta wuce mu? A 2006 Amurka da Faransa suka harba wani tauraron ɗan Adam mai suna CALIPSO, wanda ke jefo hasken leza ƙasa yana auna abin da ya dawo masa. Ya yi aiki har 2023. Da awonsa aka lissafta a 2015 cewa kowace shekara wajen tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara zuwa yamma, wajen tan miliyan 27 kuma ke sauka a dajin Amazon na Amurka ta Kudu. Cikinta akwai fosfor, sinadarin nan na takin zamani, irin wanda ke cikin dutsen ƙasar Tawa, wajen tan 22,000. Ashe hamada ce ke kai wa wannan babban daji taki! An daɗe ana cewa kwarin Bodele ne ke ba da mafi yawan wannan. Sai a 2020 waɗansu masana suka sake lissafi, suka ce ƙurar Bodele tana faɗuwa a hanya, ruwan sama yana wanke ta, wadda ke isa Amazon kuma yawancinta daga hamadar da ke tsakanin Muritaniya da Mali take. Ku lura da wannan da kyau. A aikin kimiyya ba a jin kunyar a ce wa babba lissafinsa bai yi ba, muddin ka zo da awonka a hannu.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi taɓa mu. Kun san sanƙarau. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare har yaro ya kasa sunkuyar da kai. Wanda ya ga waɗannan alamu a jikin wani, kada ya jira gari ya waye, a kai shi likita nan take, don ciwon yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu kurumcewa. A 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana taswirar ƙasashen da annobar ke yawan afka wa. Sai ta fito kamar ɗamara, wadda a yau aka san ta miƙa daga Senegal har Habasha, ƙasarmu tana tsakiya. A annobar 1996 zuwa 1997 fiye da mutum 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu.

Ga inda tambayar take. Ƙwayar cutar nan tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa, wajen ɗaya cikin goma, ba ta yi musu kome ba. Tana nan da damana, tana nan da kaka. Amma annoba sai da rani, lokacin da iska ta bushe ƙura ta yi yawa, kuma da zarar ruwan farko ya sauka sai ta kwanta kamar an yi mata tsawa. Don me? Zaton da ya fi ƙarfi shi ne, busasshiyar iska da ƙura da zafi suna kuje fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini. Akwai kuma masu ƙarawa da cewa sanyi yana tara mutane ɗaki ɗaya, ga tari, ga tafiye-tafiyen cin rani. A Yamai akwai cibiyar CERMES, wadda aka kafa tun ƙarshen shekarun 1970 don binciken wannan ciwo. An gwama lissafin masu sanƙarau na ƙasarmu na shekara 20 da awon iska da ƙura, an ga suna tafiya tare. Sai dai kowace shekara ana ƙura, ba kowace shekara ake babbar annoba ba. Ke nan akwai wani abu da ya saura ba a kama ba.

Mai gardamata zai ce ai an samu rigakafi, zance ya ƙare. Gaskiya an samu. A watan Disamba na 2010 aka fara babbar shaushawa da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. A Indiya aka yi ta, kuma kuɗin kowace allura bai kai rabin dalar Amurka ba, wato wajen dala 50 tamu ta sefa. Irin ƙwayar da ake kira A, wadda ta fi kisa a da, ta kusan ɓacewa. Amma a 2015 sai wani iri, C, ya taso mana, ya kama fiye da mutum 8,000, ya kashe fiye da 500. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar. Wa ya gane irin ya sauya? Mutanen da ke zaune cikin ɗakin bincike suna duba ruwan ƙashin bayan masu ciwo, ɗaya bayan ɗaya. In babu su, sai a yi ta yi wa mutane allurar ciwon bara. Kuma allura ba ta isar kowa lokaci ɗaya. In an san wace jiha ce za ta fara kamuwa, da wane mako, sai a kai ta can tun ba a fara jana'iza ba. Nan ne sanin ƙura ke zama sanin rai da mutuwa.

Akwai wata tambaya kuma da amsarta ta taɓa mutuncin kakanninku. Bayan babban farin 1973, duniya ta tambaya: me ya hana ruwa a Sahel? A 1975 wani babban masanin Amurka mai suna Jule Charney ya kawo bayani mai kyan tsari. Ya ce in dabbobi suka cinye ciyawa, mutane suka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari. Farar ƙasa tana mayar da hasken rana sama, iskar da ke bisanta ta yi sanyi ta kwanta, hadari ya kasa haɗuwa. Shi dai zato ya kawo don a gwada. Amma da maganar ta fita daga hannunsa ta shiga ofisoshi da jaridu, sai ta koma hukunci: makiyaya da manoma su suka jawo wa kansu fari. Aka yi ta cewa hamada tana cin ƙasa kilomita kaza kowace shekara, ba ta komawa baya.

Sai da aka yi shekaru kafin a gyara. A 1991 hotunan taurarin ɗan Adam suka nuna bakin Sahara gaba da baya yake yi, shekarar ruwa ya ja arewa, shekarar fari ya sauko kudu. A 1986, da kuma 2003, masana suka sa wa kwamfuta zafin ruwan tekunan duniya na shekara da shekaru, sai ta fitar musu da farin Sahel kusan yadda ya faru, ba a ko gaya mata zancen awaki ba. Ke nan babban dalilin yana cikin teku. Daga baya aka ga alamar cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta Arewa ma yana da hannu, don ya tare rana ya sanyaya arewacin Atlantika, damana ta ja kudu. Ban ce saran itace ba ya ɓarna ba. Yana yi, ƙasa tana zaizayewa, gona tana mutuwa, kuma manoman Maraɗi da Damagaram da suka kama sassaben zamani tun shekarun 1980, suna barin toho ya zama itace, sun mayar da itatuwa wajen miliyan 200 bisa eka wajen miliyan 5. Abin da nake so ku riƙe shi ne, an yi shekaru ana ɗora wa talakawanmu laifin da ya fi ƙarfinsu, kuma lokacin nan masu awo da lissafi daga cikinmu, waɗanda za su miƙe su ce a dakata a sake dubawa, ƴan kaɗan ne ƙwarai.

Tun da na ambaci kwamfuta, bari in faɗi abin da take iyawa da abin da ya gagare ta. A 1922 wani Bature mai suna Lewis Fry Richardson ya nuna ana iya lissafta yanayin gobe daga awon yau, don iska ma tana bin ƙa'ida. Da hannu ya gwada. Hasashen awa 6 ya ci masa wajen mako 6, kuma ya fito ba daidai ba. Ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a cim ma yanayi. A 1950 aka fara yin aikin da kwamfuta. A 2023 kamfanin Google ya nuna wata dabara mai koyo daga awon shekarun baya, wadda ke fitar da hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya.

To, da wannan ƙarfi duka, sai a gaya wa manomin Tasawa ko ya yi shuka jibi? Nan ne gizo ke saƙa. A 2018 waɗansu masana na Jamus suka gwada manyan kwamfutocin hasashe na duniya bisa ruwan arewacin Afirka mai zafi, wato yankinmu. Suka tarar abin da suke faɗi game da ruwan ƴan kwanaki masu zuwa bai fi wanda zai duba littafin shekarun baya ya yi ƙiyasi ba sai da kaɗan. Dalili biyu ne. Na farko, ruwanmu hadarin gabas ne, mai haɗuwa cikin ƴan awoyi, ya zuba a wannan gari ya tsallake na kusa. Tun 1990 da aka jera ma'aunan ruwa da yawa a kewayen Yamai an ga yadda gari biyu masu kusa ke bambanta ƙwarai cikin damana ɗaya. Na biyu, tashoshin awon yanayi sun yi mana kaɗan. Ƙungiyar yanayi ta duniya ta ce abin da Afirka ke da shi wajen kashi ɗaya cikin takwas ne na abin da ya kamata. Kwamfuta kuwa kamar turmi take, abin da aka zuba mata shi take dakawa. Mai koyo daga awon baya ma, in ba a auna ba, me za ta koya?

Ba ni da ƙorafi da baƙin da suka zo suka auna ƙurarmu. Sun yi aiki, mun amfana, a gode musu. Amma kowa tambayar gidansu yake fara yi. Ba'amurke yana bin ƙurar Sahara don tana da hannu a guguwar teku da ke rushe masa gidaje. Bature yana bin ta don tana sauka bisa garuruwansa tana tare masa jiragen sama. Ranar da za a yi shuka a Mayayi, da makon da sanƙarau zai shiga Magariya, da irin karan da ya fi riƙe jigawa, waɗannan namu ne. In ba mu yi su ba, za su zo ƙarshen layi, ko kuma a yi su lokacin da wani ya samu kuɗin aikin shekara uku, ya gama ya naɗe kayansa.

Kuma ba a ce ba mu iya ba. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, an haife shi a 1929, ya yi ilimin fizik har ƙoli a Faransa. Ya dawo ya dubi abin da kowa ke gudu ya shiga inuwa, wato rana, ya ce a yi bincike a kanta. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka ƙera tukwanen dafuwa da na'urorin ɗuma ruwa masu aiki da rana, tun lokacin da man fetur ke da araha, duniya ba ta damu da sola ba. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa. A Yamai ɗin nan kuma akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, da ACMAD mai hasashen yanayi don Afirka duka. Gidajen suna nan. Abin da ke ƙaranci shi ne kuɗin aiki na kullum da ba ya yankewa, da kuma matasa masu zama. Tun 1980, a taron Legas, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba bincike kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa, kuma yawancin ƙasashe har yau ba su cika ba. Ga wanda ya ce kuɗin ya yi yawa, sai ya lissafta irin da ake asara in an sake shuka sau uku a jiha guda.

Ku kuma ba sai kun jira hukuma ba. Ku samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Ku kafa shi bisa turke a fili, nesa da itace da katanga, inda akuya ba za ta ture shi ba. Duk safiyar da aka yi ruwa ku auna zurfin abin da ya taru da abin awon layi, ku rubuta, ku zubar. Milimita 1 daidai yake da lita 1 bisa kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 bisa eka guda. Ranar da ba a yi ruwa ba ku rubuta sifiri, don sifiri ma awo ne. Wanda ya bar gurbi babu kome, ba a san ko ruwa ne bai zo ba ko shi ne ya makara.

Da rani kuma ku zaɓi abubuwa uku da ake hange daga ƙofar lakwal, ɗaya kusa, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya nesa: wata kuka, hasumiyar masallaci, wani tudu. Ku sa malam ya taya ku sanin nisan kowanne. Kullum da ƙarfe 8 ku rubuta wanda ake gani da wanda hazo ya ɓoye, da inda iska ke fitowa, da yawan ƴan ajin da ba su zo ba don tari ko zazzaɓi. Haka masu awon yanayi ke auna hazo a filayen jirgin sama, da ido da alamomin da aka san nisansu. A rubuta da biro, kada a goge lambar da ba ta yi wa kowa daɗi ba, kada kuma a cike ranar da aka manta da ƙiyasi. In shekara ta ƙare, ƴan aji shida su damƙa littafin ga ƴan aji biyar, a kwafe ɗaya a aika wa ma'aikatar awon yanayi ta jiha. Bayan shekara goma ku ɗauko shi ku jera kwanakin hazo gefe ɗaya, kwanakin rashin lafiya gefe ɗaya, ku ga ko a garinku ciwon yana bin ƙura da kwana nawa.